Babi na Uku: Sabon Koci da Yaran Unguwa

A Nahuce, kamar a Bungudu da Tsafe da unguwannin Gusau, ba naɗa kocin yara ake yi ba. Yawanci saurayi ne da ya taɓa buga wa ƙungiyar gari, ko malamin firamare da gidansa ke kusa da fili, ko wanda Allah ya hore wa kuɗin ƙwallo ɗaya da usur. Yau ya raba faɗa tsakanin yara biyu, gobe ya raba musu gida, jibi sai ya ji ana ce masa Koci, sunan kuma ya bi shi har kasuwa. Daga ranar iyaye sun san ƙofar da za su yi wa sallama idan yaro ya dawo da targaɗe, ko aka idar da magariba ba a gan shi a sahu ba.

Da irin wannan mutumin nake magana a babin nan. Bai je kwas ba, ba shi da albashi, kayan aikinsa ba su cika buhu ba, amma yara talatin na jiransa da yamma. Abu ɗaya nake so ya zauna masa a zuciya: 'ya'yan mutane aka ba shi, amana ce a wuyansa, kuma duk wata dabarar koyar da ƙwallo daga riƙon amanar nan take fitowa. Wanda ya ɗauki yaro amana ba zai bar shi tsaye yana kallon wasu na wasa ba, ba zai zage shi ba, ba zai rage masa shekaru ba, ba zai miƙa shi ga dillalin da bai sani ba.

Sallama kafin usur

A zaure aikin yake farawa. Ka je ka gaida mai unguwa ka faɗa masa abin da kake niyya. Ka je wurin shugaban makarantar da za ku ari filinta, da malamin Islamiyya, da na allo. Sannan ka bi gidajen yaran ɗaya bayan ɗaya. Ka durƙusa gaban uba ka ce: "Baba, izini na zo nema. Yaron nan yana zuwa ƙwallo wurina. Ranaku kaza muke yi, lokaci kaza muke tashi, kuma duk ranar da ya gudu daga makaranta ba zan karɓe shi ba." Dattijon da ke kiran ƙwallo shiririta, abin da ya fi ba shi tsoro shi ne ɗansa ya ɓace masa daga la'asar zuwa isha'i bai san hannun da yake ba. In ya ga fuska, ya ji alkawari, galibi cewa zai yi: "To Malam, ga shi nan. Allah ya taya ka riƙo."

Daga nan sai ka tsara ranakunka bisa rayuwar garin. Makarantun allo da yawancin Islamiyyu suna karatu daga Asabar zuwa Laraba, su huta Alhamis da Juma'a. Yammacin waɗannan ranaku biyu su ne naka, ba tare da ka shiga haƙƙin kowa ba. In kana son rana ta uku, ka nemi shawarar malaman, kada ka sa yaro ya zaɓa tsakanin allonsa da ƙwallo. Daga Yuni zuwa Satumba gona ce ke da yara, sai kaka ta zo da yankan gero da dawa da roron wake. Yaron da ya yini yana noma ba ya bukatar a zagaya da shi fili sau goma. Gasa ta fi kyau bayan an kai amfanin gona gida, cikin sanyi. Da azumi kuwa a rage nauyi ƙwarai, ko a huta sai bayan salla.

Sai maganar tsaro, wadda duk ɗan Zamfara ya san ba ta wasa ba ce. Mun ga Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako-mako da makarantu saboda 'yan bindiga. Don haka filinku ya kasance cikin gari, inda ido ke gani. Ku tashi da sauran rana. Yaran da gidajensu ke gefen gari ko ƙauyukan kusa su ne farkon sallama, kuma su tafi a rukuni. Ka san wa da wa suka zo, ka san wa da wa suka tafi.

Allo ɗaya, almajirai talatin

Ga abin da aka saba gani a filayenmu: yara talatin, daga ɗan shekara bakwai zuwa ɗan sha biyar, a fili guda babba, ƙwallo ɗaya. Manya huɗu ko biyar ne ke wasa. Sauran suna bin ƙura, wasu sun tsuguna suna zane a ƙasa, an tura mafi ƙanƙanta ko mai ƙiba ya tsaya gola. Yi lissafi da kanka. Minti 60 a raba wa yara 30, kowa minti biyu ke nan, ko da ƙwallon ba ta taɓa fita waje ba. Raba su rukuni biyar, shida-shida, kowane rukuni da ƙwallonsa, sai rabon kowane yaro ya koma minti goma. Ba malamin da zai tara almajirai talatin ya ajiye musu allo ɗaya ya ce su iya karatu. Ƙafa ma sai ta yawaita taɓa ƙwallo take iya ta.

Ƙasashen da suka fi mu kuɗi da filaye sun dawo kan wannan gaskiyar. A Ingila ƙananan yara biyar-biyar suke bugawa, sannan bakwai-bakwai, sannan tara-tara, ba sa shiga sha ɗaya-sha ɗaya sai sun kai shekara 12 zuwa sama. Jamus, mai kofin duniya huɗu, daga kakar 2024/25 ta wajabta wa ƙananan yaranta wasan bibbiyu da uku-uku a ɗan fili, ta kuma daina jera mafi ƙanƙantansu a teburin maki. Abin da suka zauna suka tsara a ofis, yaranmu suna yin sa a lungu tun da daɗewa: duwatsu biyu nan, duwatsu biyu can, mutum uku-uku, a buga har a gaji. Sabon koci ya ɗauko wasan lungun nan ya kawo shi fili, ya sa masa tsari.

Akwai wani salo da wani Bajamushe mai suna Horst Wein ya yaɗa, wanda ya dace da mu ƙwarai. Ka auna fili taku 25 a tsaye, 20 a kwance. Maimakon raga ɗaya a kowane ɓangare, ka yi ƙanana biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ba gola. Uku-uku za su buga. Yaron da ya nufi ragar dama ya tarar an tare, dole ya ɗaga kai ya ga ta hagu a buɗe. Ba ka ce masa komai ba, amma ya koyi ɗaga kai, da juya wasa, da neman sarari, abubuwan da manya da yawa ke tsufa a ƙwallo ba su iya ba.

Kayan aiki kada su tayar maka da hankali. Toka tana zana layi. Robobin ruwa da aka cika da yashi suna zama alama, suna zama turakun raga. Tsohon yadi kala biyu in aka yanka shi ɗamara-ɗamara ya isa ya bambanta gida da gida. In kuɗin ƙwallon fata ɗaya mai tsada gare ka, gara ka sayi masu araha huɗu da abin hura iska, ka kuma san mai faci. Ka lura da girma: ƙwallon manya, lamba 5, nauyinta giram 410 zuwa 450 ne, ta yi wa ƙafar ɗan shekara tara nauyi. Lamba 4 ce ta 'yan takwas zuwa sha biyu, lamba 3 ta waɗanda ba su kai haka ba. Kafin a fara kuma, kowa ya jeru a bi fili a tsince ƙaya da tsidau da ƙusa da fasasshiyar kwalba, domin yawancin yaranmu ba takalmi suke wasa.

Yadda za ka raba sa'arka

Tsakanin saukowa daga la'asar da lokacin tashi, abin da za ka samu bai wuce sa'a ɗaya da 'yan mintuna ba. Ka zo da shirinka a rubuce a 'yar takarda, da abu guda da kake son a koya a ranar. Guda ɗaya tak. In tarar ƙwallo ce, ita ce daga farko har ƙarshe.

Minti goma na farko wasa ne kai tsaye. Yara huɗu na farko da suka iso, jefa musu ƙwallo su fara bibbiyu, masu zuwa daga baya su buɗe wani filin. Kwana kaɗan za ka ga makara ta ragu, don wanda ya makara wasa ya rasa.

Minti goma na biyu na ɗumama jiki ne, kuma a nan ba sai ka aro komai daga nesa ba. Langa, wadda kakanninmu suka yi a dandali, tana ƙarfafa idon sawu da gwiwa, tana koya wa yaro tsayuwa da ƙafa ɗaya, kuma duk mai buga ƙwallo a kan ƙafa ɗaya yake tsaye lokacin da yake bugu. Ka sa a yi ta da dama, a yi ta da hagu, ba tare da ture mai ƙarfi ba. Ka haɗa da guje-guje na kama-ni, da tsalle a sauka gwiwa a ɗan lanƙwashe. Hukumar FIFA tana da wani tsarin ɗumama jiki na minti 20 mai suna 11+, da ta fitar a 2006, kuma tsayuwa da ƙafa ɗaya da koyon sauka daga tsalle suna cikin ginshiƙansa. An gwada shi a kan matasan wata gasa a Legas, sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna raunuka sun ragu da kimanin kashi 40 cikin 100. Ba ya bukatar komai sai fili da ƙwallo.

Minti goma sha biyar na gaba na fasahar ranar ne. Bibbiyu ko uku-uku a kan ƙwallo ɗaya. Ka nuna sau biyu, ka yi magana kaɗan, ka bar su su yi. Abubuwan da yaro ke bukata kafin shekara 12 ba su da yawa: ya ja ƙwallo kansa a ɗage, ya tare ta ta zauna kusa da shi, ya tura ta da cikin ƙafa inda ya nufa, ya yanke mutum, ya juya, ya buga raga, kuma duk wannan da ƙafa biyu. Ka nace a kan ƙafar da yaro ba ya so. Ɗan shekara tara yana koyon hagu cikin dariya, ɗan sha tara kuwa sai da wahala. Ka guji dogon layi. In ka ga yara fiye da uku a tsaye suna jiran zagayensu, shirinka na bukatar gyara nan take.

Sauran lokacin, minti ashirin da biyar ko fiye, wasa ne, uku-uku ko huɗu-huɗu, ana juya abokan karawa duk bayan minti biyar. Ka sa sharaɗi ɗaya da zai jawo darasin ranar: cin da aka yi da hagu biyu ne, ko ba ci sai kowa a gidan ya taɓa. Ka raba su bisa tsara da girman jiki. Kowa ya ɗanɗana baya, ya ɗanɗana gaba, ya ɗanɗana tsaron raga, domin ba wanda ya san inda ɗan shekara goma zai dace idan ya girma.

Minti biyar na ƙarshe a zauna a ƙasa. Ka tambaye su abin da suka koya, ka ambaci sunan yara biyu ko uku da abin kirkin da suka yi, a tattara kaya tare, a yi addu'a, a watse.

Harshen koci

Da yawa daga cikinmu a gidan kallo muka ga koci: mutum a bakin layi yana ihu, yana jifa da gorar ruwa. Wancan da manya masu karɓar miliyoyi yake aiki. Kai da yara kake. Yaron da aka yi wa tsawa don ya gwada yanka an ƙwace, gobe da ƙwallo ta zo masa zai doka ta gaba ya huta, daga nan kuma koyo ya tsaya. Ka yaba wa ƙarfin halin gwadawa, sannan ka gyara: "Madalla da ka gwada. In ka sake, ka bari ya matso tukuna." Tambaya ta fi umarni kama zuciya. Ka tsayar da wasa na ɗan lokaci ka ce: "Ƙanena, da ƙwallon ta zo maka, wa ke hagunka?" Amsar da ya nemo da kansa ba zai manta da ita ba.

Ashar da bulala ba su da wuri a filinka. Haka ma horo da zagayen fili ko tsallen kwaɗo, wanda ke sa yaro ya tsani gudu, alhali gudu rabin ƙwallo ne. Wanda ya yi faɗa ko zagi, ya zauna gefe minti biyar yana kallo, ba abin da ya fi wannan ci wa yaro rai. In ya maimaita, a je gida a yi magana da babansa. Doka kuma ta hau kan gwanin ƙungiya kamar yadda ta hau kan kowa, don yara suna lura da adalci fiye da yadda muke zato.

Akwai kuma iyakar da dole ka shata wa kanka, don kare yaran da kare mutuncinka. Kada ka keɓe da yaro a ɗaki. Kada yaro ya kwana wurinka. Kada ka mayar da su 'yan aike ko masu yi maka noma. Ka samu wani babba mai mutunci da zai riƙa zama a fili tare da kai. Kuɗin karo-karo a ba wani ya riƙe, a rubuta shiga da fita. In mai neman kujera ya kawo riguna, a gode masa a gaban iyaye, amma yaran ba za su bi motar kamfe ba.

Rana, ƙura da rauni

Daga Maris zuwa Mayu zafi a yankin Gusau yana haura digiri 40. Tsohon zancen nan cewa shan ruwa a tsakiyar atisaye ragwanci ne, ka yi watsi da shi, yana iya kashe yaro. Jarkar ruwa mai tsabta ta riga ƙwallo zuwa fili, kuma duk bayan minti goma sha biyar zuwa ashirin a tsaya a sha. Yaron da ya ce jiri yake ji, ko ciwon kai, ko ya fara amai ko ruɗewa, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a yi masa fifita, in bai dawo daidai da wuri ba sai asibiti. Da hunturu ƙura tana tayar da asma. Tun ranar da ka je neman izini ka tambayi iyaye ko yaro na da asma, ko sikila, ko farfaɗiya, a kuma nemi shawarar likita a kan abin da zai iya. Mai zazzaɓi ba ya wasa, ko ya yi kuka.

In ƙusa ko kwalba ta yanki yaro, a wanke da ruwa da sabulu, a rufe, a je a yi masa allurar tetanus. In kana zaton karaya ce, kada ka ja, kada ka murza. Ka tallafe wurin da kwali ko itace, ka sanar da iyaye, ka ba su shawarar a ɗauki hoto a asibiti kafin a yi maganar ɗori. In kai ya bugu, yaro ya gama wasan ranar, ko da ya ce ya warke, kuma ba zai dawo ba sai an duba shi. Sa kai ma a jinkirta shi: Amurka ta hana 'yan shekara goma zuwa ƙasa buga ƙwallo da kai tun 2015, Ingila kuma a 2020 ta cire shi daga atisayen yaran firamare.

Ka sa ido a kan ƙwayoyi. Tramadol da makamantanta da sunan maganin gajiya suke shiga hannun matasa, kuma filin ƙwallo na cikin wuraren da ake fara miƙa su. Gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018 saboda ɓarnar da ya yi, musamman a Arewa. Yaro ya ji daga bakinka cewa ƙarfi daga tuwo da barci da atisaye yake zuwa.

Shekarun gaskiya

A nan ne amana ta fi gamuwa da jarrabawa. An shirya gasar 'yan ƙasa da shekara 13 a ƙaramar hukuma. Ka san wasu ƙungiyoyi za su zo da samari masu aske gemu. Wani zai ja ka gefe ya ce: "Koci, kowa haka yake yi. Ka sa wane da wane, mu ce sha biyu ne."

Najeriya ta fi kowace ƙasa ɗaukar kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17: 1985 a Sin, 1993 a Japan, 2007 a Koriya ta Kudu, 2013 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, da 2015 a Chile. Na 2013 ma ɗan Gombe ne, Manu Garba, ya horar da su, kyaftin ɗinsu kuma Musa Muhammed ɗan Kano. Abin alfahari ne. Amma tarihin yana da wani shafi. A 1989 FIFA ta dakatar da Najeriya shekara biyu daga gasannin matasa, saboda ranakun haihuwar wasu 'yan wasa sun saɓa da abin da aka rubuta musu a baya, muka kuma rasa damar karɓar baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991. A 2009, da aka yi gasar 'yan ƙasa da 17 a nan gida, har da filayen Kano da Kaduna da Bauchi, FIFA ta kawo na'urar MRI mai ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu, wanda haɗewarsa ke nuna yaro ya gama girma. A 2016 'yan wasa 26 na ƙungiyar matasanmu suka faɗi wannan gwaji ana dab da wasan share fage, Nijar kuma ta fitar da mu muna riƙe da kofin duniya. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ƙaryar nan ba a Abuja take farawa ba, a filin gari take farawa, ranar da koci na farko ya ce wa yaro: "In an tambaye ka, ka ce sha biyu." Mutum uku ake zalunta a lokaci guda. Ɗan sha biyun gaskiya ya koma benci, ko a karya shi, ko ya bar ƙwallo. Babban da aka saka yana cin wasa da ƙarfi, ba ya koyon dabara, ranar da ya gamu da tsararsa sai a ga ba komai. Sannan duk yaran sun koya daga wanda suke girmamawa cewa ƙarya halal ce in za ta kawo kofi.

Gaskiya ne yara da yawa a karkara ba su da takardar haihuwa. Ka ƙarfafa wa iyaye su karɓa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Kafin nan akwai rajistar makaranta, akwai katin rigakafi, akwai uwaye, waɗanda ba sa mantawa da wanda aka haifa kaka ɗaya da ɗansu. Ka buɗe littafi, ka rubuta sunan kowane yaro, da shekararsa ta gaskiya, da ajinsa, da sunan mahaifinsa. Za a ci ku a wasu gasanni saboda haka. Ka gaya wa yaran dalili, ka bar su su yi alfahari da shi. Kuma kada ka yar da ɗan tsamurmurin da bai yi tsawo ba tukuna. Yara ba sa girma lokaci ɗaya, kuma wanda ya saba kare ƙwallo daga waɗanda suka fi shi ƙarfi yakan fito da dabarar da sauran ba su da ita.

Ranar wasa da hanya

Duk yaron da ya zo atisaye yana da haƙƙin shiga wasa. Ka yi alkawarin haka tun farko, ka cika ko ana cin ku. Ka hana caca a kan wasan yara, domin inda kuɗi ya shiga, zagin alƙalin wasa da jifa suna biyo baya. Kai ne farkon wanda zai miƙa wa alƙali hannu, ko ya yi kuskure, yaranka kuma su gaisa da abokan karawa kafin su bar fili.

In wasan na wani gari ne, Bungudu ko Gusau ko Tsafe, sai da yardar kowane uba. A tafi da rana, a dawo da rana. A tambayi direbobin tasha halin hanya a safiyar ranar. Kada a cusa yara ashirin a motar mutum goma, kada a ɗora su huɗu-huɗu a babur. In zuciyarka ba ta kwanta ba, ka fasa, ko da za a ba wa ɗaya ɓangaren maki. Ba kofin da ya kai ran ɗan mutum.

Mafarkin Turai

Kowane yaro a filinka yana da sunan wani gwani da yake so a kira shi da shi, kuma mafarkin ba laifi ba ne. Zaidu Sanusi a Jega ya taso, ya kai ga FC Porto ta Fotugal a 2020, shi ne kuma ya ci Benfica ƙwallon da ta ba su kofin gasar lig ta ƙasar a 2022. Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato ya buga wa Kano Pillars, ya samu lambar tagulla a wasannin Olamfik na 2016 a Brazil, ya je gasar kofin duniya ta 2018 a Rasha. Ahmed Musa sai da ya ci wa Pillars ƙwallo 18 a kaka ɗaya kafin ya tafi Holan a 2010. Ka ba yara labarinsu. Ka kuma gaya musu gaskiya: a cikin dubban da ke bugawa, 'yan ƙalilan ne ƙwallo za ta ciyar, kuma ko su rauni ɗaya na iya tsayar da su. Yaron da ya riƙe karatunsa da sana'arsa bai yi asara ba, ko ƙwallo ta karɓe shi ko ba ta karɓe shi ba.

Matakala tana nan kusa: gasar makarantu da ta ƙaramar hukuma, hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha a Gusau, gasar Ramat ta 'yan ƙasa da 16 da ƙungiyar YSFON ke shiryawa a Kano don tunawa da Janar Murtala Muhammad, da Zamfara United, wadda ta taɓa buga babbar gasar ƙasar nan daga filin wasa na tunawa da Sardauna. Duk wanda ya zo da zancen tsallake matakalar nan, ka yi hattara da shi. Dokar FIFA ta hana kai yaron da bai kai shekara 18 ba wata ƙasa don ƙwallo, sai a wasu 'yan yanayi ƙayyadaddu. Wanda ya ce uba ya sayar da gona ko shanu ya kawo kuɗin biza da gwaji, ka je da kanka ka ce wa uban: "Baba, kada a ba da ko sisi sai mun tambaya a hukumar ƙwallo ta jiha."

Kai ma ɗalibi ne

Rashin takarda ba ya hana farawa, amma kada ya zama dalilin zama wuri ɗaya. Dokokin ƙwallo 17 ne, ka nemo su ka san su. Ka je ka kalli yadda wanda ya riga ka yake gudanar da atisaye, ka tambaye shi. Ka nemi ma'aikacin lafiya na garinku ya koya maka taimakon gaggawa. Ka riƙa bibiyar hukumar jiha don jin lokacin kwas: hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, tana ba da lasisi mataki-mataki, daga D zuwa C, B da A, Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas kuma ta daɗe tana horar da masu horarwa.

Tun yanzu kuma ka fara renon wanda zai taya ka. A cikin 'yan sha biyar da sha shida akwai mai haƙuri da ƙanana, mai zuwa da wuri, wanda yara ke jin maganarsa. Ka ba shi rukuni ɗaya ya riƙe, ka nuna masa yadda ake cika littafi, ka tafi da shi ranar da za ka gaida iyaye. Aiki ko karatu ko aure na iya ɗauke ka daga garin, kuma ƙungiyar da ta rataya a wuyan mutum ɗaya tana watsewa ranar da ya tafi. A babi na gaba za mu duba yadda ƙungiyar unguwa za ta kafa kwamitin iyaye, ta tara kuɗinta da kanta, ta kuma yi rajista.